Dogon Bayani ko Layi Ɗaya: Rubuta Lasisi a Saman Fayil

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, idan zai saki manhajarsa ga jama'a, yana da hanya biyu ta bayyana haƙƙin mallaka a kowane fayil. Ta farko ita ce dogon bayanin da lasisin GPL, wani sanannen lasisin manhajar da kowa ke da 'yancin amfani da ita da gyara ta, ya ba da shawarar a liƙa a sama, mai ɗauke da shekara da sunan marubuci da sanarwar cewa babu garanti. Duk inda aka kwafi fayil ɗin sharuɗɗan suna biye da shi, amma yana cinye layuka da yawa, kuma da an sauya kalma ɗaya manhajar da ke tantance lasisi tana iya ruɗewa.

Ta biyu ita ce alamar SPDX, wato ambaton lasisi da gajeren sunansa a layi guda kamar SPDX-License-Identifier: MIT (MIT sunan wani lasisi ne), wadda masu kula da Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, suka fara amfani da ita a 2017. Ni dai ita na fi so, domin na'ura tana karanta ta kai tsaye, sai dai dole a ajiye cikakken lasisin a cikin aikin, a kuma rubuta sunan mai haƙƙi a layi daban, tunda alamar ba ta ɗauke da shi.