Leda ɗaya tak suka ƙara mini

Assalamu alaikum 'yan uwa na Jos, musamman mutanen Anguwan Rogo da suka yi ta kira suna tambayar jikina. Alhamdu lillahi an sallame ni, yau kwanana 19 a gida a nan Bamingham. Ranar da na fara iya ɗaga waya, tambayar farko da Yaya ya yi mini ita ce, "Leda nawa aka ƙara maka? Kuma wa ya ba ka jinin, kai da ba ka da kowa a can?" Na ce leda ɗaya ce, kuma ban san mai jinin ba. Ya yi jim, ya ce a cire wa mutum babban hanji ɗungurungum a ba shi leda ɗaya, anya ba rowa aka yi maka ba? Da Hajiya ta karɓi wayar, ita ma damuwarta ke nan. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da idona ya gani.

Kun san ciwon nan tun ina gida nake fama da shi. Yau a ce basir, gobe a ce atini, babu jiƙon da ban sha ba. Sai a nan aka zura mini na'ura mai kyamara, aka ga babban hanjin ya kumbura ya yi gyambo tun daga dubura har sama. Kolaitis suke ce masa. Ba ƙwayar cuta ce ke kawo shi ba, garkuwar jikin mutum ce ke juyowa tana yaƙar hanjinsa, shi ya sa duk maganin atinin da na sha bai taɓa shi ba. Na shekara uku a kan magunguna, da suka daina aiki likitoci suka ce sai tiyata.

Abin da ya fara ba ni mamaki, tun saura mako biyar a yi aikin suka fara maganar jini. Mai wannan ciwo kullum jininsa a ƙasa yake, tunda yana tsiyaya ta bayan gida. Aka kira ni asibiti, aka ɗaura mini ruwan sinadarin ƙarfe ta jijiya, wani ruwa ja-ja mai duhu, don jikina ya haɗa nasa jinin da kansa. Suka kuma yi ta rage mini maganin sitiroyid, mai rage kumburi, domin yana raunana garkuwar jiki, yana hana rauni warkewa. A ɗakin tiyata aka yi mini allurar da ke rage zubar jini. Duk wannan ɗawainiya don kada a kai ga buɗe firjin jini ne, alhali firjin a cike yake.

Kwana biyu bayan aikin awon jinina ya sauka zuwa 78 a ma'auninsu. Na ga jiri, na roƙi likitan da ke zagaye ya ƙara mini. Ya jawo kujera ya zauna, ya ce ƙa'idar da hukumar tsara magani ta Ingila ta fitar a 2015 ita ce a jira sai ya kai 70, in dai mutum ba ya zubar da jini a lokacin kuma ba shi da ciwon zuciya. A lissafinmu na gida wannan wajen PCV 21 ke nan. Ku tuna yadda muke tada hankali in aka ce na maras lafiyarmu ya koma 26. Washegari nawa ya faɗo 68, sai aka kawo leda ɗaya. Da ta ƙare aka sake awo, aka ga ya hau, aka tsaya nan.

Bayanin da ya yi mini a zaman nan shi nake so ku ji da kyau. Mu a gida in ana maganar haɗarin ƙarin jini, hankalinmu kan ƙanjamau da ciwon hanta yake tafiya. Wannan gaskiya ne, amma akwai wani haɗarin da ko jini mai tsabta yana ɗauke da shi. Jinin wani in ya shiga jikinka yana iya kwantar da garkuwarka na ɗan lokaci. Tun 1973 likitoci a Amurka suka lura cewa waɗanda aka taɓa ƙara wa jini kafin dashen ƙoda, jikinsu ya fi karɓar ƙodar, saboda garkuwar ta yi laushi. Ga mai dashe wannan alheri ne. Ga wanda aka yanka wa hanji kuwa, wurin da ƙwayoyin cuta suka fi yawa a jikin ɗan Adam, laushin garkuwa na nufin ɗinki ya yi ruwa, mugunya ta taru a ƙasan ciki, ko ciwon huhu ya biyo baya. Ya ce an sha gani a binciken masu irin tiyatata cewa waɗanda aka ƙara wa jini sun fi samun wannan matsala. Bai ɓoye mini ba cewa su ne kuma dama suka fi jin jiki, don haka ba duk laifin za a ɗora wa jinin ba. Amma wani babban gwaji da aka yi a Kanada a 1999 ya nuna jira sai awo ya kai 70 bai ƙara mace-mace ba. Tunda jiran ba ya cutarwa, ledar da ba dole ba ba su ga dalilin ba da ita ba.

Ledar da aka ƙara min ma sai da aka yi mata bin diddigi. Nas ta tambaye ni sunana da ranar haihuwata duk da ta san ni, ta duba abin da ke ɗaure a hannuna, ta gwada da lambar jikin ledar. Ta auna zafin jikina kafin a fara, ta dawo bayan minti 15 ta sake aunawa. Dole ledar ta ƙare cikin awa huɗu da fitowarta daga firji, don kada ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki. Tun 1999 kuma duk jinin ƙasar nan sai an tace fararen ƙwayoyinsa kafin a ajiye shi.

Ina kwance ina kallon jinin yana ɗiga, sai na tuna Baba, Allah ya jiƙansa. Daren da aka ce za a yi masa aiki a wani asibiti a Jos, aka ce mu kawo mutum uku. Ni da Yaya muka ba da namu, na ukun muka rasa, ga dokar hana fita ta kusa. A bakin ƙofa wani ya tare mu ya ce yana da yaro mai rukunin da muke nema. Yaron nan idonsa fari fat, Allah kaɗai ya san sau nawa aka ɗebi jininsa a watan. Muka biya. Har yau abin yana damuna, don mun san ba daidai ba ne, amma wanda mahaifinsa ke kan gado ba ya tsayawa zaɓe. A nan ba a ce matata ta kawo kowa ba, ba a karɓi ko fam ɗaya a kan ledar ba. Mutane ne ke zuwa su bayar kyauta, mililita 470 a zama ɗaya, a ba su shayi da biskit su tafi.

Kada ku ɗauka nan aljanna ce. A Mayun 2024 aka fitar da rahoton binciken gurɓataccen jini a Birtaniya: fiye da mutum 30,000 aka sa wa ƙanjamau ko ciwon hanta ta jini da magungunan da aka haɗa da jini, daga shekarun 1970 zuwa farkon 1990, wajen 3,000 sun rasu. Firaministan lokacin, Rishi Sunak, ya nemi gafara a majalisa. Wani ɓangare na maganin daga Amurka aka shigo da shi, daga jinin mutanen da ake biya, irin cinikin da muka yi a bakin ƙofar nan. Tsantsenin da nake yabawa da rayukan mutane aka saye shi. Sannan kyautar ma ba kyauta ba ce ga irinmu, mai biza yana biyan fam 1,035 na lafiya duk shekara, ban da haraji, kuma na jira watanni kafin layi ya zo kaina. Ga kaɗaici. Lokacin ziyara ƙayyadadde ne, babu mai kwana da kai, babu mai shigowa da kunun gyaɗa da asuba. A nan na san darajar jinyar gida.

Yanzu an fito mini da bakin ƙaramin hanji ta gefen ciki, ina manna jaka a kai. Jakunkunan har ƙofar gida ake kawo mini ba na biya, kuma akwai nas ta musamman da nake kira in fatar wurin ta yi ja. Na tambayi malaminmu na masallaci batun alwala, ya ce hukuncina na mai lalura ne. Nan gaba za a yi aiki na biyu, a ɗinka ƙaramin hanjin ya zama kamar aljihu a haɗa shi da dubura, dabarar da aka fara a Landan a shekarun 1970.

Abu ɗaya ya sosa mini rai: sun ce wanda aka ƙara wa jini ba zai sake bayarwa ba a ƙasar nan, ga shi suna neman jinin baƙar fata ido rufe saboda masu sikila. Tunda ni ƙofar ta rufe, Yaya, ina roƙonka ka tara samarin majalisarmu ku je cibiyar hukumar jini ta ƙasa da ke nan Jos ku bayar, ba sai wani namu ya kwanta ba. Kuma yaron Anti da aka ce wata takwas yana ganin jini a bayan gida, don Allah a daina ce masa basir, a kai shi wurin likitan ciki a leƙa hanjin, a auna jininsa. In kuɗin gwajin ne, ka faɗa mini nawa ne in turo.