Ƙarama ko babba: abin da na gani a jakar fata mai lamba 25 da mai lamba 30

Jakar da zan yi magana a kanta ta wani tsohon gidan fata ce na ƙasar Italiya, irin mai mariƙi biyu da dogon maratayi da ake iya cirewa, kuma girma biyu ake samunta, mai lamba 25 da mai lamba 30. Masu sayen irin waɗannan kaya sun san cewa lambar faɗin gindin jakar ce da santimita, kamar yadda kamfanin Hermès ke yi wa jakarsa Birkin, Louis Vuitton kuma ke yi wa tasa Speedy, ko da yake tawa ba ta fito daga ɗaya daga cikin gidajen nan biyu ba. Babbar na saya a Dubai a ƙarshen 2024, bayan an dawo da ba 'yan Najeriya biza. Ƙanwata ta gani ta ce irinta take so, sai aka sako mata ƙaramar a cikin lefe, launinsu ɗaya, ruwan madara mai ɗan duhu, saboda haka kowacce na riƙe ta na fita da ita har na san halinta. Maganar kuɗi ba sai na yi ba, domin duk wadda ta san inda dala ta kai tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta san abin da aka zuba. Abin da kawai zan ce shi ne ratar farashin da ke tsakaninsu ba ta da yawa, kuma wannan ƙaramar ratar ce take jan mutum zuwa ga babbar, domin zuciya takan ce tun da an riga an kashe, gara a ɗan ƙara a samu mai ɗaukar kaya.

Santimita 5 a baki ba wani abu ba ne, amma da na ɗauko tef ɗin tela na gwada sai na ga ba faɗi kaɗai ke ƙaruwa ba. Ƙaramar tana da tsayi 18 da kauri 12, babbar kuma tsayi 22 da kauri 15, wanda idan aka lissafa cikinsu za a ga babbar ta kusa ninka ƙaramar. A cikin tawa nakan sa lalita, da waya, da caja, da tabarau a gidansa, da carbi, da ƙaramar kwalbar turare, da mukullan gida da na mota, har da siririn mayafi a naɗe, kuma zik ya ja ba tare da gardama ba. Wadda take tunanin za ta riƙa sa takardun ofis ta cire rai, domin takardar A4 tsawonta santimita 29.7 ne, cikin jakar kuwa bai kai 30 ɗin da aka rubuta ba idan aka cire kaurin fata da shafi, dole sai an lanƙwasa ta.

A watannin farko ba ni da abin cewa sai yabo. Ɗinkin mariƙin a jere yake, babu zare ko ɗaya da ya yi tsalle, gefunan fatar an shafe su sumul, ƙarafunan ba su dusashe ba, kuma ƙamshin fatar na nan har yau idan aka buɗe ta. Hunturun Kano da yake busar da takalmi har ya tsage bai yi mata komai ba. Da a lokacin aka tambaye ni, da na ce kada ma a kalli ƙaramar.

Abin ya faru ne a watan Afrilu, a wunin bikin 'yar kawunmu. Ankon dangi galila ce mai ruwan shuɗi mai duhu, an wanke ta kafin a kai ɗinki, kuma ni ina cikin masu tarbar baƙi, saboda haka tun azahar nake kai da kawo tsakanin ƙofa da rumfa a cikin zafin bazara. Jakar cike take, domin ban da kayana akwai kuɗin liƙi da na masu girki da aka ba ni ajiya, kuma babu hannun da zai riƙe wannan nauyin yini guda, sai na maƙala mata dogon maratayin na rataya ta a kafaɗa, bayanta ya kwanta a kan ƙuguna. Da magariba na sauke ta domin in yi alwala, a nan na ga bayanta gaba ɗaya ya koma shuɗi, tun daga ƙasan zik har kusurwoyin gindi, kusurwa ɗaya ma ta yi baƙi-baƙi, maratayin kuma ya ɗauki launi a daidai inda ya zauna a kafaɗa. Na sa hankici na goga a hankali, ko alamar motsi bai yi ba. Ƙanwata tana tsaye kusa da ni, anko ɗaya muka sa, rini ɗaya, tela ɗaya, amma tata jakar fes take, saboda ƙaramar ba ta da nauyin da zai sa a rataya ta, a tsintsiyar hannu ta saƙale ta tun safe, kuma ko ta taɓa riga sai dai gefenta ya ɗan shafa ya wuce. Ta dube ni ta ce, “Yaya, ko dai ki ba ni kayan cikin in riƙe miki?” Na ce mata ta bari, aikin gama ya gama.

Abin da ya fi ci mini rai ba tabon ba ne, a'a, abin da ya gabace shi ne a shagon. Ranar da na saya baƙar abaya ce a jikina, na kuma tambayi mai sayarwar ƙarara ko wannan launi mai haske zai jure irin tufafinmu, ta ce fatar tana da kariya, ƙyalle mai laushi kawai take buƙata. Ita ce kuma ta yi ta nuna mini yadda babbar take zama daram a ƙugu idan an rataya ta. Da na dawo daga biki na binciko ɗan littafin da ke cikin kwalin, sai ga gargaɗi da ƙananan haruffa cewa a nisanta ta daga wandon jins mai duhu. Wato sun san fatar tana shan rini, sun kuma ga macen da ke gabansu a lulluɓe da baƙin yadi daga sama har ƙasa, amma ba wanda ya ga ya dace ya buɗe baki. Na tura musu hotuna da rasit ta WhatsApp. Amsar ta zo cikin ladabi sosai, irin ladabin da ba ya ƙara wa mutum komai: zubar launi daga tufafi ba ta cikin garanti, idan ina so in kawo ta shagon da kaina ko in aiko, za su tura ta Italiya, za ta yi watanni, ni zan biya, kuma ba su yi alkawarin tabon zai fita ba. Harajin kashi 5 cikin 100 da ake mayar wa baƙi a filin jirgi sun yi mini bayaninsa dalla-dalla har da cike takarda, amma maganar da za ta tsare mini jakar ba ta samu minti ɗaya ba.

Daga ƙarshe wajen wani dattijon baduku na kai ta a cikin birnin Kano, wanda ya gaji sana'ar kuma yake hulɗa da majemar Ƙofar Wambai. Ya juya ta, ya shinshina, ya ɗiga ruwa kaɗan a ƙarƙashin gindinta, muka ga ɗigon ya shige nan take ya bar duhu. Ya ce, “Hajiya, wannan fatar maraƙi ce mai kyau ƙwarai, amma rina ta kawai aka yi, ba a rufe fuskarta ba. Abin da ya hau kanta ba datti ba ne, rini ne, kuma gumi ya taimaka masa ya shiga.” Ya bayyana mini cewa fatar da aka shafe da fenti a sama, ko wadda aka buga wa ƙananan ƙuraje, ita ce ke jure wahala, wannan mai santsin kuwa laushinta da kyanta sun zo ne daga barin ƙofofin gashinta a buɗe, su ne kuma suke shan duk abin da ya raɓe su, kyan ɗan maciji ke nan. Na ce, “Baba, ko a gwada man kaɗe?” Ya girgiza kai ya ce mai zai ƙara mata duhu ne kawai, turare ko sanitaiza kuma za su ɗebe launinta na asali tare da shuɗin su bar fari. Ya yi mata wankin da ya iya da kumfar sabulu mai sanyi, ba tare da jiƙa ta ba, ya shanya ta a inuwa, tabon ya ragu sosai a tsakiya amma kusurwar nan ta ƙi. Ya ce idan na yarda zai rine ta gaba ɗaya ta koma ruwan ƙasa mai duhu, na ce ya ba ni lokaci. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin aika ta Dubai da dawo da ita ba ko kusa, kuma bayanin da ya yi mini a tsaye ya fi duk abin da na ji a shagon mai sanyin na'ura. Ban yi mamaki ba, domin garin da ya daɗe yana jeme fatar jan akuyar Sakkwato da bagaruwa, ayari na ƙetare Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce, garin da har yau masana'antun Challawa da Sharaɗa ke tura fatu Italiya da Sifen, ba zai rasa wanda ya san halin fata ba.

Kada a ɗauka ƙaramar ba ta da nata aibin. Bakinta ya fi gindinta tsukewa da yawa, saboda haka doguwar lalita sai an karkata ta take shiga, haƙoran zik kuma suna kartar bayan hannu da zobe duk lokacin da aka lalubo wani abu a ƙasa. Idan waya da lalita da mukulli da hoda suka shiga, to an gama, bandir ɗaya na kuɗin liƙi ya isa ya hana ta rufuwa, kuma idan aka matsa mata sai cikinta ya kumbura siffarta ta ɓaci. Ga mai yara ƙanana, ko mai fita tun safe ba ta dawowa sai yamma, ba za ta yi ba, sai dai a haɗa da wata jakar, wanda a ganina ya rushe dalilin sayenta.

Duk da haka, idan na tuna yadda babbar take gajiyar da kafaɗa, sai in ga ƙanwata ta fi ni morewa. Ko babu komai a cikinta tana da nauyinta, saboda shafinta ma fata ce, kuma jaka mai fili ba ta zama babu kaya, kullum sai an sami abin ƙarawa, ko na mutum ko na wanda ya ce a riƙe masa. Nauyin ne ke tilasta rataya, ratayar ce ke manna ta da tufafi, tufafinmu na biki kuwa, daga galila zuwa rinanniyar shadda da baƙar abaya, kaɗan ne ba sa zuba idan gumi ya taɓa su. Saboda haka wadda ranta ya biya da launi mai haske a wannan fatar mai santsi, ƙaramar ce tata, ta riƙe ta a hannu kamar yadda aka yi ta domin a riƙe. Wadda kuma ba za ta iya rabuwa da kayanta ba, ta ɗauki babbar amma baƙa ko ruwan ƙasa mai duhu, kuma kafin ta biya ta nemi a nuna mata ɗan littafin kulawar ta karanta a gabansu, kada ta dogara da bakin mai sayarwa. Tawa tana nan cikin jakarta ta ƙyalle, na cusa mata farar takarda domin kada ta lotse, na kuma ɗora ta a sama saboda fumfunar damina. Na fi karkata ga in bar Baba ya rine ta, ko da yake na san daga ranar shagon ba zai ƙara karɓar ta da sunan gyara ba, wanda dama ban ga wani gyaran da suka yi mini ba.