Jinkirin Inbata: Awo Sau Biyu Ko Hasashe?

Wani ƙanenmu da ke haɗa inbata a kasuwar Alaba ta Legas ya ce tasa tana ƙugi da zarar ya ƙara ƙarfin martani, wato ƙarfin da ake gyara karant da shi, a manhaja. Yana tambaya: ya riƙa awon karant sau biyu a kowane zagayen kunnawa da kashewa, ko ya sa lissafin hasashe?

Ƙanena, ga tushen abin. Ƙwaƙwalwar allon, wato cif ɗin, tana auna karant ta yi lissafi, amma sakamakon ba ya aiki sai zagaye na gaba, PWM kuma, wato tsarin kunnawa da kashe wuta da sauri, ya ƙara rabin zagaye. In ana zagaye 10,000 a sakan, wato kilohaz 10, jinkirin mikrosakan 150 ke nan. Ga wutarmu mai haz 50, digiri 2.7 ne kacal cikin 360 na zagayen igiyarta. Amma a kilohaz 1, inda ake son gyaran karant ya kai, digiri 54 sun tafi. Ƙugin daga nan yake.

Awo sau biyu rage jinkirin yake yi da gaske. Kana auna karant a ƙololuwar igiyar PWM da kuma gindinta, kana sabunta umarni kowane karo. Jinkiri ya koma mikrosakan 75, digiri 27. IGBT ɗinka, wato makunnan lantarki na inbatar, ba su ƙara yawan kunnawa da kashewa ba, don haka ba ƙarin zafi, abin da kowa a Legas zai yi maraba da shi. Sharaɗin shi ne lissafinka ya ƙare cikin mikrosakan 50. Ka sa manhaja ta kunna ƙafa ɗaya ta cif ɗin a farkon lissafi, ta kashe ta a ƙarshe, ka duba tsawon lokacin a osiloskof, na'urar da ke nuna igiyar lantarki. Cif irin C2000 na kamfanin Texas Instruments ba sa shan wahala a nan.

Hasashe kuwa, dabarar da Otto Smith ya kawo a 1957, jinkirin yana nan daram; cankar karant na gaba ake yi daga ƙimar koyil ɗin inbatar, wato ƙarfinta na hana karant saurin canzawa. To wa ya san ƙimar koyil ɗin da aka naɗa da hannu? Ko ka auna ta daidai a kan tebur, da firiza ko injin jan ruwa ya tashi, ƙarfen cikinta ya ƙoshi, ƙimar ta faɗi, karant ya hau fiye da yadda aka canka.

Ni dai awo sau biyu zan fara. Hasashe sai in cif ɗin ya gaza, kuma ka auna koyil ɗin a cikakken lodi.