Daga Perth zuwa Mancesta: lissafin da nake so ki yi kafin ki ajiye aiki

Assalamu alaikum ƙanwata. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da maigida da yara, kuma sanyin bana bai matsa muku ba. Kin tambaye ni a waya in faɗa miki kai tsaye ko ki biyo mu birnin Perth na Ostiraliya ko ki zauna a Mancesta, na kuwa kasa ba ki amsa, domin maganar ta fi ƙarfin hirar minti goma tsakanin fitowata daga aikin dare da shirinki na kwanciya. Shi ya sa na zauna na rubuta miki dalla-dalla abin da na gani da idona tun da muka bar Ingila a 2023, bayan shekara goma sha huɗu da na yi ina aikin jinya a can.

Ba mu ne farau ba a wannan hanya. Ƙidayar Ostiraliya ta 2021 ta samu mutum fiye da 900,000 waɗanda aka haifa a Ingila, kuma tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake kawo Turawan Birtaniya a jirgin ruwa kan fam goma kacal, ba a daina zuwa ba. A unguwannin arewacin Perth irin su Joondalup da Butler, idan kika shiga kanti za ki ji karin harshen Libaful da na Gilasgo kamar ba ki bar gida ba, kuma a ɗakin da nake aiki da yawa daga cikin abokan aikina a NHS, hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya, suka koyi sana'ar. Kusan dukansu da albashi da hasken rana aka jawo su, kuma kusan dukansu abu guda ne ya fara ba su mamaki, wato yawan abubuwan da a can ba a tambayar kuɗinsu amma a nan sai an zaro kati.

Bari in fara da lafiya, tunda ita ce sana'armu. A nan akwai Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati, wadda ake cirar kashi 2 cikin ɗari na abin da mutum ke samu domin ta, kuma asibitin gwamnati kyauta ne ga mai katinta. Amma likitan unguwa ɗan kasuwa ne mai zaman kansa. Wani yakan wadatu da abin da Medicare ta biya shi, wani kuwa sai ya sa nasa farashin, ki biya duka a teburin shiga, daga baya a mayar miki da wani kaso cikin asusunki, sauran ya zama naki. Ranar farko da na kai autarmu da ciwon kunne, na gama da likita na kama hanyar fita kamar yadda na saba, sai matar da ke teburin ta kira ni cikin ladabi ta miƙo mini na'urar biya. Sai dai in faɗa miki gaskiya, da safe na nemi ganin likitan ta waya, kafin azahar mun gan shi, kuma ba a ɗaure ni da asibiti guda ba, duk wanda na ga dama zan je. Ke kin san yadda ake rububin kiran waya da ƙarfe takwas na safe a Mancesta, a bar mutum a layi, a ƙarshe a ce gurbin yau ya cika. Wannan wahalar na rabu da ita, kuma ban raina hakan ba ko kaɗan.

Magani ba shi da tsanani sosai, domin gwamnati na tallafa wa mafi yawansa, kuma daga Janairun 2026 iyakar abin da ake biya kan maganin da ke cikin jerin tallafin dala 25 ta Ostiraliya ne, alhali ku kuna biyan fam 9.90 kan kowane guda. Bambancin da ya shafi mai iyali shi ne a Ingila maganin yara kyauta ne, a nan kuwa ana biya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne motar ɗaukar marasa lafiya. A jiharmu ta Yammacin Ostiraliya Medicare ba ta ɗaukar nauyinta, kuma kiran gaggawa guda ɗaya yana haura dala dubu. Na sha karɓar marasa lafiya waɗanda suka tuƙo kansu da ciwon ƙirji saboda tsoron takardar kuɗin, kuma duk lokacin da na ga haka raina yakan ɓaci. Haka ma haƙori na manya, daga aljihu ne. Saboda haka inshorar lafiya ta zama dole a aikace, kuma akwai ƙa'idar da ya kamata ki sani tun yanzu: wanda ya haura shekara 30 bai yi inshorar asibiti ba, ana ƙara masa kashi 2 cikin ɗari a kuɗin inshorar kan kowace shekara ta jinkiri, amma sabon zuwa yana da wata goma sha biyu daga ranar da ya yi cikakkiyar rajistar Medicare ya shiga ba tare da wannan ƙarin ba.

Sai gida, wanda shi ne ya fi cin albashi kuma ya fi ba mu wuya. Kuɗin haya a nan da mako ake faɗarsa, don haka idan kika ga adadi a talla kada ki ɗauka na wata ne. Lokacin da muka iso gidajen haya sun yi ƙaranci ƙwarai, dillali yakan buɗe gida na kwata ɗaya na awa, mutane su yi layi har bakin titi, kowa ya cike takarda ya koma yana jira. Mun nemi gidaje da dama kafin a ba mu ɗaya, kuma abin da ya taimake mu shi ne takardar shaidar da tsohon mai gidanmu na Ingila ya rubuta cewa ba mu taɓa jinkirta haya ba. Ana ajiye kuɗin haya na mako huɗu a matsayin jingina a hannun hukuma, kuma dillali yana da ikon zuwa duba gidan har sau huɗu a shekara, ya leƙa murhu da bayan gida da ciyawar tsakar gida yana ɗaukar hoto. Ni da na taso da sanin cewa baƙon namiji ba ya wuce zaure, na daɗe kafin in saba da wannan. Gidan kuma fanko ake ba ki shi, ba firiji, ba injin wanki. Sauƙin da ke ciki shi ne harajin ƙaramar hukuma yana kan mai gida, ba kamar ku da ɗan haya ke biya duk wata ba, kuma babu kuɗin lasin talabijin, wanda aka soke a nan tun 1974, ku kuwa ya kai fam 174.50 a 2025.

Gidajen suna da faɗi, da filin da yara za su yi guje-guje, amma an gina su ne domin zafi. A daren farko na watan Yuli da sanyi ya sauka sosai, na tashi ƙarfe uku na tarar da yaran sun haɗu a gado ɗaya cikin rigunan sanyin da muka zo da su daga Mancesta, iska na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, tagar kuma gilashi ɗaya ce siririya. Babu bututun ɗumama ɗaki a jikin bango kamar naku, sai ƙaramar hita mai cinye wuta. Wallahi ban taɓa jin sanyi a cikin ɗaki a Ingila kamar yadda na ji a nan ba, ko da yake a waje ƙanƙara ba ta sauka. A Janairu da Fabrairu kuwa zafi yakan haura digiri 40, busasshe kamar na Sakkwato a watan Afrilu, sai iskar teku ta taso da yamma a samu sararawa. Ruwa abin tattali ne, wani kaso mai yawa na wanda muke sha daga teku ake tace shi, ban ruwan ciyawa da famfon feshi kwana biyu ne kawai a mako, kuma daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta an hana shi ɗungurungum.

Game da cefane, manyan kantuna biyu ne suka mamaye kasuwa, Coles da Woolworths, sai Aldi da ke biye da su, saboda haka gasar da ke karya farashi tsakanin Tesco da Asda da Lidl da sauransu babu irinta. Biredi, cuku, sabulu, kayan gwangwani da tufafin yara duk na same su sun fi tsada ko kuma zaɓinsu ya fi ƙaranci. Amma nama da kayan lambu sun fi naku nesa ba kusa ba. Naman rago na nan ƙasar ne, mahautan halal suna da yawa, kuma mangwaron da ake kawowa daga garuruwan Kununurra da Carnarvon a lokacinsa yana da ƙanshin na gida, ba irin wanda ake tsinkowa ɗanye a nunar da shi a hanya ba. Komai da lokacinsa yake, idan kakarsa ta wuce farashinsa ya yi sama, sai ki haƙura ki sayi wani abin. Ki kuma san cewa manyan kantuna a Perth suna rufewa ƙarfe biyar na yamma ranar Asabar da Lahadi, wanda ga mai aikin karɓa-karɓa irinmu yana buƙatar shiri. Sayayya ta intanet ma ba ta zuwa washegari kamar yadda kika saba, domin yawancin kaya daga gabashin ƙasar suke tasowa, kuma tsakaninmu da Adelaide, babban birni mafi kusa, kusan kilomita 2,700 ne a mota. Maƙwabtanmu har yanzu suna ba da labarin farkon 2022, da ambaliya ta yanke layin dogo kantuna suka yi makonni da kantoci a wofi.

Kayan miyarmu su ne kewar da ba ta warkewa. A unguwar Cheetham Hill ta Mancesta kina samun doya, manja, daddawa da busasshen kifi a titi ɗaya. A nan sai na je wajen unguwar Mirrabooka, inda 'yan Afirka suka fi yawa, ciki har da na Sudan da Somaliya, kuma doyar da nake samu daskararriya ce mai tsada. Garin gero a kantin Indiyawa nake saye, kuɓewa a na 'yan Asiya. Kada ki ce za ki cika akwati ki taho da su, domin dokar shigo da abinci a nan ba ta da wasa. Da muka sauka na rubuta a katin shiga cewa ina ɗauke da abinci, jami'ar ta buɗe ƙullin kilishin da Hajiya ta aiko mini, ta yi mini bayani a natse cewa nama irin wannan ba ya shiga, ta ajiye shi gefe. Na ji zafin rabuwa da shi, amma da na ɓoye an gano, tara mai nauyi ce, har biza tana iya tafiya. Ko takalman yara da ke cikin kwantenar kayanmu sai da muka wanke ƙasar da ke jikinsu tas. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne ranar da na tarar da bishiyar kuka a lambun Kings Park, wadda aka ɗauko daga yankin Kimberley a 2008, 'yar'uwar tamu ce ta jini ko da yake ba ita ba ce sak. Masallaci kuwa akwai su, har da tsohon da ke titin William wanda Musulmi masu raƙuma daga Afganistan da Indiya suka fara ginawa a 1905.

Mota ba abin alfarma ba ce a Perth, larura ce, domin birnin ya miƙe a bakin teku tsawon tafiya mai nisa. Tuƙi a hagu ne kamar can, lasinki na Birtaniya ana musanya shi ba tare da jarrabawa ba, fetur ya fi arha, kuma gwamnatin jiha tana wallafa farashin gobe na kowane gidan mai tun yau da rana, ba a kuma canza shi har awa ashirin da huɗu. Jirgin ƙasa yana da tsabta da arha idan gidanki na kusa da tasha.

Albashi ya fi na NHS, ba zan ɓoye miki ba, musamman ƙarin da ake yi kan aikin Asabar da Lahadi da na dare, kuma mai aiki yana zuba kashi 12 cikin ɗari a asusun ritayarki tun daga Yulin 2025. Amma idan kika cire haya, inshora, mota ta biyu da tikitin jirgi, ragowar ba ta kai yadda hotunan bakin teku ke nunawa ba. Ki kuma duba maganar fanshon gwamnatin Birtaniya da kyau. Ana buƙatar shekara 10 ta biyan gudummawa kafin a samu komai, shekara 35 kafin cikakke, kuma wanda ke zaune a Ostiraliya ba a yi masa ƙarin shekara-shekara, yadda ya fara karɓa haka zai ci gaba. Na yi jinyar tsofaffin Turawa da suka zo tun suna matasa, waɗanda fanshonsu ya tsaya cik shekara ashirin, kuma suna faɗar abin da ɗaci.

Nisa shi ne abin da ban auna daidai ba. Jirgin Qantas da ke tashi kai tsaye daga Perth zuwa Landan tun 2018 yana cin kusan awa 17. Daga Landan kuwa awa shida da 'yan mintoci ke kai ki Abuja, shi ya sa lokacin da Hajiya ta kwanta asibiti bara ke kika isa Kano washegari, ni kuwa sai da na yi fiye da yini guda a hanya ta Doha, da kuɗin da ya cinye ajiyar wata uku. Idan kika taho, babu ɗayanmu da zai rage kusa da ita, kuma ina roƙonki ki yi wannan shawara da Yaya kafin ki fara cike takardun rajistar aikin jinya na nan.

Idan bayan haka zuciyarki ta tsaya kan zuwa, ki fara tara takardar shaida daga mai gidanku, da jan littafin rigakafin yara, da takardar kamfanin inshorar mota mai nuna shekarun da ba ki yi haɗari ba. Shekarar karatu a nan a farkon Fabrairu take farawa, don haka isowa a Janairu ta fi wa yara sauƙi. Ranar Lahadi ba ni da aiki, zan kira ki ƙarfe goma na safiyarku, lokacin mu muna shirin magariba. Ki gaida maigida, ki shafa mini kan yara.