Kafin ka sayi kayan tace gahawa a gida: ina ya kamata kuɗinka ya fi tafiya?

Yawancinmu a teburin mai shayi muka fara sanin gahawa: cokali ɗaya na Nescafé, madara, sukari, a ɗaga sama a juye tsakanin kofi biyu har ta yi kumfa. Wasu sun san ta Larabawa da ake zubawa a ɗan finjali, waɗanda suka zauna a Sudan kuma ba sa manta jabana mai citta. Wadda nake magana a kanta daban ce. Ana niƙa ƙwayar gahawa a lokacin da za a sha, a zuba garin a takarda cikin mazurari, a riƙa tsiyaya ruwan zafi a kai da hannu, ruwan ya ratsa garin ya ɗiga cikin kofi. Ba a tafasa ta, ba a barin tsaki a ƙasan kofi. Ni bayan sallar asuba nake yin tawa, kafin gida ya tashi, kuma daga ɗora ruwa zuwa kurɓar farko ba ya kai minti 10.

Abubuwa biyar ake buƙata: mazurari, takardar tacewa, abin niƙa, buta da sikeli. Kuskuren da na fi gani wajen masu farawa shi ne su kashe kuɗinsu a kan mazurari, don shi ne mai kyan gani a hoto, sannan su sayi niƙaƙƙiyar gahawa da ta yi wata da watanni a kanta. Mazurari yana cikin mafi arha a kayan, kuma bambancin ɗanɗano tsakanin wannan da wancan bai kai rabin bambancin da niƙa ke kawowa ba. Don haka da abin niƙa zan fara.

Injinan niƙa iri biyu ne. Akwai mai reza da ke juyawa kamar na markaɗen tattasai, akwai kuma mai haƙora biyu da ke murƙushe ƙwayar a tsakaninsu, kamar yadda dutsen niƙa ke yi wa hatsi. Mai reza sara yake yi ba bisa ƙa'ida ba: wani ɓangare ya zama gari luƙui, wani ya rage tsaki-tsaki. Idan ruwa ya bi ta ciki, garin mai laushi yana sakin ɗacinsa duka, tsakin kuwa bai gama sakin zaƙinsa ba, sai kofi ɗaya ya zo maka da ɗaci da tsami a haɗe, kuma babu dabarar zuba ruwa da za ta gyara shi. Turmi da taɓarya ma haka suke. Sun dace da gahawar da za a tafasa, amma ba su dace da wadda za a tace ba. Mai haƙora kuwa kana iya matse shi ko ka sassauta, ƙwayoyin garin su fito kusan girma ɗaya. Abin da ake nema shi ne kaurin yashin rafi, ko sukari mai ɗan ƙwaya.

A cikin masu haƙora, na hannu nake ba wa mutum shawara, musamman inda wutar lantarki ba ta da tabbas, domin abin da za ka yi kullum da asuba bai kamata ya rataya a kan ko an kawo wuta ba. Hario Skerton da ire-irensa haƙoransu na tangaran ne, suna da sauƙin kuɗi, sai dai niƙan na ɗaukar lokaci kuma sandar tsakiya takan ɗan yi rawa, garin ya fito ba daidai ba. Timemore C2 haƙoransa na ƙarfe ne, yana niƙe giram 15 cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma a ganina nan ne kuɗi da inganci suka haɗu. Sama da shi akwai na 1Zpresso, sannan Comandante C40 na Jamus wanda kuɗinsa ya ninka na Timemore sau da yawa. Yana da kyau, babu shakka, amma mai farawa ba zai ji bambancin da ya kai wannan kuɗin a harshensa ba. Wanda ke yi wa mutum huɗu ko biyar kullum, hannu zai gaji, shi ne zai duba na lantarki kamar Baratza Encore, ya kuma tabbatar ya sayi mai aiki da wuta mai ƙarfin volt 220 zuwa 240, ba wanda aka yi don Amurka ba.

Wani abu da masu sayarwa ba za su gaya maka ba: da hunturu, idan iska ta bushe, garin yakan manne a jikin injin ya kuma watse a tebur. Ka jiƙa bakin cokali da ruwa, ka juya ƙwayoyin da shi kafin niƙa. Ɗigo ɗaya ya isa.

Yanzu mazurari. Tsohonsu shi ne Melitta. Wata matar aure ce a birnin Dresden na Jamus, Melitta Bentz, ta gaji da tsakin gahawa a baki, sai a 1908 ta huda ƙasan wata tukunyar tagulla ta shimfiɗa takardar tsotse tawada daga littafin makarantar ɗanta. Daga nan takardar tace gahawa ta samo asali. Mazurarin Melitta na yau yana da ƙaramin rami a ƙasa, shi ke tsare gudun ruwa, don haka ko hannunka bai saba ba gahawar ba ta lalacewa sosai. Babbar fa'idarsa ita ce takardarsa, mai lamba 2 ko 4, ita ce irin wadda injinan gahawa na ofis ke amfani da ita, kuma ita ce ta fi saurin samuwa a manyan kantuna.

Hario V60 na Japan shi ne ya fi suna. Sunan ya fito daga siffarsa: kamar harafin V, mai kusurwa digiri 60. Cikinsa akwai zane-zane masu murɗewa da ke hana takarda manne wa bango, ƙasansa kuma babban rami ɗaya ne. Ma'ana mazurarin ba ya riƙe ruwa ko kaɗan. Niƙanka da hannunka ne ke yanke saurin ɗigar. In ka iya, shi ke fitar da ƙamshin gahawar Habasha, irin ta Yirgacheffe mai kama da furanni da lemun tsami, fiye da sauran. In ka yi gaggawa, ruwan ya zarce ta gefe, ka sami abu lami mai tsami. Akwai shi lamba 01 na kofi ɗaya zuwa biyu, da 02 da ke kaiwa huɗu, da 03. Ka ɗauki 02, yana yin ƙarami yana yin babba. Ana yin sa da tangaran, gilashi, ƙarfe da roba, kuma a nan karin maganar da ke cewa araha ba ta ado ba ta yi aiki ba: na roba shi ne mafi arha, shi ne kuma ba ya shanye zafin ruwa, ba ya fashewa in yaro ya ture shi. Na tangaran sai ka ɗumama shi sosai kafin ya yi abin da na roba ke yi ba wahala. Shi nake amfani da shi yawancin kwanaki.

Kalita Wave, shi ma na Japan, ƙasansa shimfiɗaɗɗe ne da ƙananan ramuka uku, takardarsa kuma mai lanƙwasa-lanƙwasa a gefe. Garin yana kwanciya daidai, ruwa ya ratsa shi bai ɗaya, saboda haka kofin yau da na gobe sukan zo iri ɗaya. Girmansa biyu, 155 da 185. Da don ɗanɗano kawai ne, da na ce mai farawa ya fara da shi. Abin da ke hana ni shi ne takardarsa: sifarta daban ce da ta Melitta da ta V60, nasu ba sa zama daidai a cikinsa, kuma samun ta a nan sai an yi oda.

Chemex wani masanin kimiyyar haɗa sinadarai ne Bajamushe, Peter Schlumbohm, ya ƙera shi a New York a 1941. Gilashi ne guda, sama mazurari, ƙasa tulu, da katako da igiyar fata a ƙugu, kyansa ya sa har gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya ajiye shi. Takardarsa ta fi ta sauran kauri, tana tsare maiƙo da ƙananan gari, gahawar ta fito garau kamar shayi. Ya dace da gida mai baƙi, inda za a yi kofi huɗu zuwa shida a tashi ɗaya. Ga mutum ɗaya da asuba kuwa ya yi girma, tatar na ɗaukar minti 4 zuwa 5, takardar na da tsada, kuma rana ɗaya in ya kuɓuce a wurin wanki shi ke nan.

Akwai kuma Clever na Taiwan, wanda mutane ba su cika ambata ba alhali ya fi dacewa da da yawa daga cikinmu. Yana da marfi a ƙasa da ke rufe. Ka zuba ruwa da gari, ka bar su su jiƙa minti 2 zuwa 3, kana ɗora shi a bakin kofi marfin ya buɗe gahawar ta sauka. Ba ya buƙatar buta ta musamman, ba ya buƙatar gwanintar hannu, kuma takardar Melitta lamba 4 yake ci. Uwa mai shirya yara makaranta, ko ma'aikacin da zai fita da sassafe, wannan ne nasu.

Ka lura sau nawa na koma kan takarda. Dalili ke nan: mazurari sau ɗaya ake saye, takarda kuwa kullum ɗaya take tafiya, 365 a shekara ga mai kofi ɗaya. Na taɓa yin sati uku ina jiran takardar V60 daga wani mai sayarwa a intanet, da ta iso kuma sai ga lamba 01 maimakon 02. Tun daga nan ba na bari ta yi ƙasa da fakiti ɗaya a ajiye. Kafin ka biya kuɗin kowane mazurari, ka fara gano inda za ka riƙa samun takardarsa a garinku, ko wanda zai riƙa kawo maka. Farar takarda da mai launin ruwan ƙasa duk suna aiki, amma mai ruwan ƙasar ta fi barin warin kwali, sai an wanke ta da ruwan zafi sosai kafin a zuba gari. Ana sayar da matata ta ƙarfe da ba ta ƙarewa, sai dai tana barin maiƙo da ɗan gari su wuce. A cikin wannan maiƙon akwai wani sinadari da ke ƙara kitsen jini, takarda ce ke tsare shi, don haka wanda likita ya ja wa kunne kan kitse gara ya tsaya a takarda. Matata ta ƙyalle tana ba da gahawa mai daɗi, amma a zafinmu in ba a wanke ta nan take an ajiye cikin ruwa a firji ba, kwana kaɗan take fara wari.

Buta mai dogon siririn wuya tana sa ruwa ya sauka a hankali, daidai inda kake so. Ga V60 da Chemex kusan dole ce, ga Kalita tana taimakawa, ga Clever ba ka buƙatarta. Hario Buono ana ɗora ta a gas ko risho. Masu lantarki irin su Fellow Stagg suna tsayar da zafi a digirin da ka zaɓa, abin sha'awa, amma kuɗinsu gara ya tafi a abin niƙa. Zafin da ake so tsakanin digiri 90 ne zuwa 96. A Kano ko Sakkwato, in ruwa ya tafasa ka sauke ka jira kamar rabin minti. A Jos kuwa, saboda tsayin wurin ya haura mita 1,200, ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96, kana saukewa ka zuba.

Sikeli ƙarami ne mai auna giram, in da hali mai nuna kashi ɗaya cikin goma na giram kuma mai agogo. Ba sai mai suna ba. Cokali ba ya aunawa daidai domin ƙwayar da aka soya ta yi baƙi ta fi sauƙin nauyi a kan wadda aka soya sama-sama. Ni giram 15 nake sa wa ruwa giram 250. Ina fara zuba kamar 40 in jira daƙiƙa 30 zuwa 45, garin ya kumbura ya fitar da iskar da suya ta bari a cikinsa, sannan in ƙarasa a zubi biyu ko uku, a gama cikin minti 3. In ta zo da tsami, gobe in ƙara matse niƙa. In ta zo da ɗaci da bauri, in sassauta. Ruwan ma yana da nasa: na burtsatse mai barin farin dabbare a ƙasan buta yana danne ɗanɗano, na famfo mai warin magani kuma yana bin gahawar har kofi. Ka gwada da ruwan roba sau ɗaya ka ji bambanci, sannan ka yanke shawara.

Ita kanta ƙwayar, abin dubawa a jikin leda shi ne ranar suya, ba ranar lalacewa ba. Daga sati ɗaya zuwa wata ɗaya bayan suya ne take kan ganiyarta. Ledar da ba a rubuta ranar suya ba ina barin ta a kanta. A cikin manyan nau'o'in gahawa biyu, arabika ta fi ƙamshi da zaƙi, robusta ta fi ɗaci da ƙarfi, kuma gahawar tacewa ta fi son arabika mai matsakaiciyar suya. Ba sai ta Habasha ko Kenya ba: ana noman arabika a tsaunin Mambilla na jihar Taraba da kuma tudun Jos, haka ma a tsaunukan yammacin Kamaru, kuma wadda aka soya kusa da kai cikin makon nan takan fi ta nesa da ta daɗe a hanya. Ka sayi giram 250, wanda zai kai ka kwana 16 a kan kofi ɗaya kullum. Ka ajiye ta a gwangwani mai rufewa ruf, nesa da murhu da rana, kuma nesa da daddawa da yaji, domin gahawa tana ɗaukar warin duk abin da ke kusa da ita.