LibreOffice a ofishin 'yan hatsi: inda ya biya, da inda ya gaza

Ni ke riƙe da lissafin wani kamfanin hatsi da taki a Tudun Hatsi, nan cikin Gombe. Da Microsoft ya daina sabunta Office 2016 da 2019 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai ya zamana hanya uku ce a gabanmu: mu shiga biyan kuɗin Microsoft 365 duk shekara, ko mu karɓi kwafin sata irin wanda masu gyaran kwamfuta ke ɗora wa mutane, ko mu nemi na kyauta. Alhaji, mai kamfanin, ya ce kwamfutar da ke ɗauke da amanar dukiyar jama'a ba za ta ga kayan sata ba. Haka muka koma LibreOffice, tarin manhajojin ofis irin na Office, wanda gidauniyar The Document Foundation ke kula da shi tun 2010, ba a biyan ko sisi.

Ga ɗan kasuwa, a ganina, manhajar lissafi ce uwa, sauran 'yan rakiya ne. A nan Calc, ɓangaren lissafi na LibreOffice, ya fidda ni kunya. Buhu nawa ya shigo sito, nawa ya fita, wa ya ɗauki taki bashi sai kaka, duk suna jadawali ɗaya, kuma cikin ɗan lokaci nake ware bashin mutanen Kumo daban, na Bajoga daban, na Dukku daban. Akwai kuma abin da ban cika jin ana yabawa ba: kulle gurbin farashi da kalmar sirri. Yaron ofis zai shigar da adadin buhuna, amma ba shi da ikon taɓa kuɗin buhu. Duk wanda ya taɓa zaman sasanta rigimar lissafi tsakanin maigida da dillali ya san darajar wannan. Tsofaffin fayilolinmu na Excel sun buɗe lafiya. Sai dai masu jadawalin da aka cika da umarnin sarrafa kai irin na Excel su gwada tukuna, don ba dukansu ke aiki a Calc ba.

Abu na biyu, ba ya neman intanet. Ko data ta ƙare aiki bai tsaya ba. In wuta ta ɗauke kafin a tayar da janareta, yana dawo da abin da ya adana da kansa, kuma na rage tazarar adanawar zuwa 'yan mintuna. Manhajar ofis da ba ta yi wannan tanadin ba, ba da mu aka yi ta ba.

Writer, ɓangaren rubutu, ya wadatar wajen wasiƙa da rasit. Yana mayar da takarda PDF kai tsaye, kuma ita nake tura wa banki, domin takarda mai tebura da yawa kan ɗan goce idan aka buɗe ta a Word. Wasiƙar tunin bashi sau ɗaya nake rubutawa, shi ya ɗauko sunaye da adadi daga Calc ya cike wa kowa tasa. Da na kunna allon rubutun Hausa na Windows, ɓ da ɗ da ƙ suna fita daidai. Impress (na gabatar da bayani a allo) da Base (na rumbun bayanai) kuwa, da wuya na leƙa su.

Inda LibreOffice ya gaza shi ne haɗa mutane. Babu imel a ciki, babu kalanda, sai da muka ɗora manhajar imel ta Thunderbird daban. Babu ma'ajiyarsa ta intanet, don haka duk ranar Alhamis nake kwafe komai a filashi. Wanda ya fi damuna shi ne waya. Alhaji a kasuwa yake wuni, ciniki a WhatsApp ake ƙulla shi, kuma yana son ganin abin da ya rage a sito a daidai lokacin da mai saye ke tsaye gabansa. Google Sheets na ba da wannan, mutum biyu su duba jadawali ɗaya lokaci guda, in akwai data. Mu kuwa sai bayan la'asar nake tura masa PDF na ranar, wanda kafin hantsin gobe tirela ɗaya ta isa ta sauya shi.