Alama ko labari: da wanne za a fara koyar da rashin daidaito?

Malama, kin ce yaranki na JSS 2 suna warware lissafin rashin daidaito a allo sumul, amma da zarar tambayar ta zo da zance sai su tsaya cak. Kina tambaya ko ki ci gaba da farawa da alamomi kamar yadda littafi ya tsara, ko ki fara da labarin yau da kullum. Na gwada duka biyun, ga abin da na gani.

Farawa da alama yana da sauri. Ki rubuta <, >, ≤ da ≥, ki ja layin lambobi, ki nuna musu ɗigo buɗaɗɗe da rufaffe, kafin a tashi sun iya 2x + 3 < 11. Matsalar ita ce yaro yana ɗaukar abin kamar lissafin daidaito ne aka sauya wa riga. Yana neman amsa guda, alhali amsar a nan fili ce mai iyaka.

Farawa da labari kuwa yana cin lokaci, amma yaran sun zo da rabinsa daga gida. Bahaushe kullum cikin wannan lissafin yake: "kada ka wuce Magariba", "kuɗin bai kai ba", "aƙalla mudu uku". Aikinki shi ne ki sa wa maganar alama. Shekarun jefa ƙuri'a a Najeriya 18 ne zuwa sama, wato x ≥ 18. Misalin da ya fi yi mini aiki shi ne zakkar dabbobi, don yawancinsu sun haddace ta a Islamiyya. Tumaki ko awaki 40 zuwa 120, ana fitar da guda ɗaya: 40 ≤ x ≤ 120. Daga 121 zuwa 200, guda biyu. Ki tambaye su mai tunkiya 40 cif, zai fitar ko ba zai fitar ba? Za su ce zai fitar. To shi ke nan, da bakinsu sun faɗi dalilin ɗan layin da ke ƙarƙashin alamar, wanda a ɗaya hanyar sai dai su haddace.

Ga inda bambancin ya fito mini ƙarara. Na ba aji biyu tambaya ɗaya: an ba yaro naira 1,000, zai ware 300 na Adaidaita, littafin rubutu 150 ne, nawa zai iya saya? Wato 150x + 300 ≤ 1000. Ajin da ya fara da alama, da yawa suka tsaya a 4.67, wasu ma suka cike shi zuwa 5 don an koya musu cikewa. A ɗaya ajin wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in ya sayi biyar ai a ƙafa zai koma gida." Ta rubuta 4, sannan ta ƙara da cewa zai iya sayen uku ko biyu ma. Wannan ƙarin nata shi ne darasin gaba ɗaya, kuma har yau ina jin daɗinsa.

Sai dai labari yana da inda yake gajiya. Idan aka zo juya alama (wato < ta koma >) yayin ninkawa ko rabawa da lamba ta ƙasa da sifili, misalin kasuwa ba ya kai ki gaci. Bashi yana ɗan taimakawa: 200 bai kai 500 ba, amma wanda ake bi 200 ya fi wanda ake bi 500 sauƙi, don haka −200 > −500. Daga nan dole ki koma layin lambobi, su gani da idonsu yadda lambobin suka musanya gefe. Haka kuma jarrabawar BECE ta kammala JSS 3 za ta zo musu da alama tsagwaronta, ana duba agogo, kuma wannan saurin atisaye ne kaɗai ke kawo shi.

Da ni ne, darasi biyun farko ba zan rubuta x ba sam. Kowane yaro ya zo da magana ɗaya daga gida mai "aƙalla", "bai wuce" ko "bai kai" a ciki, a jera su a allo, a yi gardamar ko lambar da ke bakin iyaka tana ciki ko tana waje. A darasi na uku sai alamomin su shigo, kowacce a gefen maganar da ta haife ta. Ki bar juya alama sai mako na biyu, lokacin da layin lambobi ya zauna musu.